Haƙƙin Majinyaci Kafin Fiɗar Ciwon Dajin Hanji Da Bayanta

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai jarrabar bayinsa da lafiya da rashinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wata wasiƙa ta iso wa wannan fili daga ƙasar Rogo, na kuwa ga ya kamata a amsa ta a bainar jama'a, domin irin tambayar ta fara yawa. Mai wasiƙar ya ce yayansa manomi ne, ya shekara yana shan maganin basir, sai da ya rame aka kai shi Kano, likitoci suka ce ciwon daji ne a babban hanji, har ya bazu zuwa tantanin ciki. An ambata musu wata babbar fiɗa wadda ake zuba magani mai zafi a cikin ciki, dangi kuma sun fara maganar sayar da gona a tafi Masar. Amma sun yi shawara kada a gaya wa majinyacin sunan ciwonsa, don kada zuciyarsa ta karye. Yana tambaya ko wannan aiki ya halatta, ko ɓoyewar ta halatta, da kuma yadda mutum zai yi salla in an maƙala masa leda a ciki.

Malaman usulu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci kamanninsa, saboda haka sai mu fara da sanin aikin. Cikin ɗan Adam yana da wani siririn tantani wanda ya lulluɓe hanji da bangon ciki. Wani lokaci ciwon dajin hanji yakan huda hanjin ya watsa ƙwayoyinsa a kan wannan tantani, kamar yadda ake yafa irin riɗi a gona. Larabawa suna ce wa wannan ciwo saraɗan, watau ƙaguwa, saboda yadda yake miƙa ƙafafu ta kowane gefe. Abin da likitan fiɗa zai yi shi ne ya buɗe cikin daga ƙasan ƙirji har zuwa mara, ya bi ya cire duk tsiron da idonsa ya gani, tare da sashen hanji ko tantanin da ya kamu. Wannan kaɗai yakan ci awa shida, ko goma, ko fiye. Sa'an nan a kawo maganin kashe ƙwayoyin daji, irin wanda aka saba ɗurawa ta jijiya, a ɗumama shi zuwa digiri 41 har 43, inji ya riƙa kewaya shi cikin ciki na tsawon rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, a tsiyaye shi, a ɗinke. Manufar ita ce a kashe ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani. Likitoci suna taƙaita sunan aikin da HIPEC. An fara gwada shi a Amurka wajen 1980, wani likita a birnin Washinton mai suna Paul Sugarbaker shi ya fi kowa yaɗa shi.

Kada kalmar zafi ta tsorata kowa. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, watau bambancin digiri huɗu ne zuwa shida. Ruwan wankan jego da iyayenmu mata suke shiga ya fi wannan zafi nesa ba kusa ba, majinyacin kuma yana cikin barcin allura, bai san ana yi ba.

To, hukuncin asali shi ne halacci. Usamatu ɗan Sharik ya ruwaito cewa waɗansu ƙauyawa sun tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko su nemi magani, ya umarce su da nema. A cikin Sahihu Muslim kuma ya zo cewa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita, ya yanke masa wata jijiya ya lalace wurin da wuta. Ga yanka, ga zafi, duka da izinin Manzo. Az-Zaharawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013 ta Miladiyya, ya yi bayanin yanke ciwon daji a littafinsa At-Tasrif, ya nuna ana cin nasara ne in an same shi da wuri a wurin da za a iya tumɓuke shi duka. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani, har da wanda ya keɓe wa basir, kuma da Bature Kilafaton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa da likita. Wanda ya ce zuwa asibiti raunin tawakkali ne, sai ya gaya mana ko ya fi Bello tawakkali.

Nan ne zan tsaya a kan wata magana da ta kashe mutane da yawa a ƙauyukanmu, wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata. Asalin wannan zance shi ne ba ma kai majinyaci asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, in ya cika bayan fiɗa sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Mutum zai ga jini a bayan gidansa, ko cikinsa ya riƙa ɗaurewa yana sakewa, ko ya riƙa ramewa jininsa yana ƙarewa, sai ya ce basir ne, ya sayi jarka a wurin mai lasifika ran kasuwa. Basir gaskiya ne, amma ba duk jini ne basir ba, kuma ba mai rabe su sai likita ya duba, in ta kama a zura na'urar leƙa hanji. Kunya ce take hana da yawanmu. Alhali kuwa malamai sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon larura, kuma Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, basir gare shi, bai ji nauyin kai tambayarsa gaban Annabi ba. Ciwon da aka kama tun yana cikin bangon hanji sau da yawa fiɗa ɗaya take raba mutum da shi, ba sai an kai ga wannan babban aiki da muke magana a kai ba. Daga babban asibitin Ƙaraye ko na Rogo ana tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya.

Sai dai halacci daban, wajibci daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa neman magani yakan zama wajibi in barinsa zai kai ga halakar rai ko gaɓa, yakan zama mustahabbi, yakan zama halal kurum, yakan kuma zama makaruhi in ana tsoron ya jawo abin da ya fi ciwon muni. Wannan fiɗa ba kowa ta dace da shi ba. Sai wanda ciwonsa bai cika ciki ba, wanda likita yake ganin zai iya kwashe duk abin da ke bayyane, wanda kuma zuciyarsa da ƙodarsa za su ɗauki wahalar. Akan buɗe ciki ma a tarar abin ya wuce yadda hoto ya nuna, a mayar a rufe.

Su kansu likitocin ba su gama daidaitawa a kan sashen magani mai zafin ba. Wani bincike a ƙasar Holan a 2003 ya nuna waɗanda aka yi wa fiɗar da maganin sun fi daɗewa a kan waɗanda aka bari da maganin jijiya. Amma wani da aka yi a Faransa a kan majinyata 265, wanda aka bayyana a 2018, ya raba su biyu, duka aka yi musu fiɗar, rabi aka ƙara musu magani mai zafi, rabi ba a ƙara ba. Tsakaicin rayuwar ɓangarorin biyu ya zo kusan ɗaya, wajen wata 41, waɗanda aka ƙara wa maganin kuma suka fi samun matsala daga baya. Abin da aka fahimta shi ne ƙwarewar hannun da ya kwashe tsiron ita ce ginshiƙi. Saboda haka ba rashin ladabi ba ne a tambayi likita ko sau nawa ya yi irin wannan aiki, wane magani zai zuba kuma don me, warkewa ake nema ko ƙarin kwanaki, kuma me zai faru in ba a yi ba. A kai hotuna da takardu wurin likita na biyu a nan gida tun ba a biya dillalin asibitin waje ko kwabo ba.

Batun gona kuwa, in ta majinyacin ce shi kaɗai, to sai da yardarsa. In gado ce da ba a raba ba, ba mai ikon sayar da rabon wani sai da izininsa, rabon maraya kuma ba a taɓa shi don jinyar baffansa, kome tausayi. Zakka tana halatta ga majinyaci matalauci da wanda bashin jinya ya danne, kuma masu hali a Ƙaraye da Rogo, waɗanda Allah ya ba albarkar masara da rake, su san wannan ƙofa ce mai kyau.

Yanzu sai babbar tambayar, watau ɓoyewa. Malam, na san niyyarku tausayi ce, amma ina ganin ba ku da wannan haƙƙi. Majalisar da na ambata ta sharɗanta izinin majinyaci matuƙar yana da cikakken hankali. Wane irin izini ne mutum zai bayar a buɗe cikinsa awa goma, wataƙila ya farka da leda a gefensa, alhali an ce masa wai ɗan ƙari ne za a cire? Jikinsa amana ce a hannunsa, ba a hannun ƙannensa ba. Yana iya cewa a yi, yana iya cewa a bar shi da maganin jijiya da na rage zafi ya zauna cikin iyalinsa, kuma ba wanda zai ce ya yi saɓo a ɗayan biyun.

Daɗin daɗawa, akwai abubuwan da ba mai iya yi masa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da duk mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa ba. Ya kuma zo cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Manomi kuwa kansa ne littafinsa: shi ya san wa ya ba shi taki bashi, wace gona ce jingina wace ce aro, buhu nawa aka ajiye a rumbunsa amana, zakkar wace shekara ce bai fitar ba, da wane ɗan'uwa ne suka shekara biyar ba sa gaisawa saboda iyaka. In ya shiga ɗakin fiɗa bai sani ba, Allah kuma ya karɓi abinsa, duk wannan ya tafi da shi, rigima ta rage wa 'ya'ya. Mu malaman makaranta da ake kira rabon gado mun ga irin wannan ba sau ɗaya ba.

Waɗansu suna ganin ambaton wasiyya kiran mutuwa ne. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin Bankwana har ya fid da rai, a lokacin 'ya ɗaya gare shi. Annabi ya zo dubiya, suka yi maganar dukiyarsa a fili, ya tsayar masa da wasiyya a kan sulusi. Sa'adu ya tashi, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya rayu fiye da shekara arba'in bayan wannan rana. Abin da shari'a ta nema shi ne a iya faɗa. A zaɓi wanda majinyacin yake jin maganarsa, a zauna da likita, a fara da tambayarsa abin da shi ya fahimta game da jikinsa, a ba shi gwargwadon abin da ya nema, ba tare da ƙarya ba, ba kuma tare da yanke masa ƙauna ba. Sau da yawa za ku tarar ya daɗe da ganewa, yana yin shiru ne don kada ku ku damu. In shi da bakinsa ya ce kada a gaya masa kome, wane ya yanke masa shawara, wannan wakilci ne, ya inganta.

In an tsai da ranar aiki, makonnin da suka rage na gina jiki ne. A ci ƙwai da wake da nono da kifi, ga shi kuwa madatsar Chalawa tana kusa. A riƙa tafiya a ƙasa kullum gwargwadon iko, mai shan taba ya bari. Duk wani jiƙo ko gari da yake sha a nuna wa likita, don akwai masu wahalar da hanta da ƙoda, su kuwa su ne za su ɗauki nauyin maganin. 'Yan'uwa su shirya ba da jini, sadaka ce babba. Ranar aikin ya sallaci abin da lokacinsa ya shiga. A mazhabar Malik wanda yake tsoron gushewar hankali a lokacin salla ta biyu yana iya jawo La'asar zuwa Azahar, ko Isha zuwa Magariba. Sallolin da suka wuce yana cikin barcin allura, malamai sun saɓa, waɗansu sun riskar da shi ga mai suma wanda ba ya ramawa, waɗansu ga mai barci wanda yake ramawa. Ni dai shawarata ya rama in ya sami sauƙi, ba su da yawa.

Zai farka a ɗakin kulawa ta musamman, da robobi a hanci da ciki da mafitsara, zaman asibiti kuma yakan kai mako biyu ko uku. Salla ba ta faɗi a kansa ba matuƙar hankali ya dawo, amma an sauƙaƙa ta har iyaka. Amsar da aka ba Imrana ita ce ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Mai sabon ɗinki ya yi nuni da kansa, kada ya matsa wa cikinsa da ruku'u. In ruwa zai cuce shi ko ba ya iya kaiwa gare shi, a kawo masa dutse mai tsarki ya yi taimama, a kan bandeji kuma shafa ake yi. A zamanin Annabi an sami wani mai rauni a ka da janaba ta same shi a tafiya, abokansa suka ce lalle sai ya yi wanka, ya yi, ya mutu. Annabi ya yi fushi ƙwarai da masu wannan fatawa, ya zarge su da kashe shi, ya nuna abin da ya kamace su shi ne su yi tambaya tun da ba su sani ba.

Ledar kuma, ga bayaninta. Wani lokaci likita yakan fito da bakin hanji ta bangon ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin leda, wani na 'yan watanni ne har ɗinkin ciki ya warke a mayar, wani na dindindin. Na san akwai waɗanda suka daina salla da zuwa masallaci saboda wannan, suna ganin su najasa ne. Ba haka ba ne. Abin mamaki, Shehu Halil ya ambaci mas'alar ƙofar da ta buɗe a ƙasan tumbi a cikin Muhtasar, fiye da shekara 600 da suka wuce. Abin da yake fita ba da ikon mutum ba, ya lazimce shi mafi yawan lokaci, hukuncinsa hukuncin mai yoyon fitsari ne: ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta in ba wahala, najasar da take da wuyar kaucewa kuma an yi rangwame a kanta. Ya zubar da abin da ke ledar in lokaci ya gabato, ya tsabtace abin da ya sauwaƙa, ya yi alwala, ya yi sallarsa, ko da wani abu ya zubo yana tsakiyarta. In ledar tana rufe ba wari ba yoyo, ya shiga sahu. Wanda kuma ya kasa nafilolin da ya saba, hadisin Abu Musa ya yi masa albishir cewa ana rubuta masa ladan abin da yake yi lokacin lafiya.

Masu jinya su kula da abu ɗaya. Bayan irin wannan aiki hanji yakan yi kwanaki bai farka ba, likita zai hana ci da sha. Hanin ya haɗa da zamzam da rubutu da zuma da man habbatus sauda. Kada wata gwaggo ta faki idon nas ta ɗura masa, tana ganin albarka take nema masa, amai da kumburin ciki za ta jawo a kan sabon ɗinki. A shafa masa zamzam a goshi, a yi masa tofi, a jira izini. In ma'aikata suka ce ya tashi ya taka tun kwana ɗaya ko biyu, ba mugunta ba ce, don kada jini ya daskare a ƙafa ne ko majina ta taru a huhu. Masu dubiya su taƙaita zama, mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya, a kuma bar ba shi labarin wane da aka yi wa irin wannan bai tashi ba.

Dawowa gida ba ita ce warkewa ba. Ƙarfi yakan ɗauki wata biyu ko uku kafin ya dawo, wani ya fi haka, kuma sau da yawa akwai sauran maganin jijiya a gaba. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya yawaita shan ruwa, musamman mai leda a lokacin bazara. Ba ɗaukar buhu, ba huɗa, ba jan ruwa a rijiya har wajen mako shida zuwa takwas ko yadda likita ya ce, don kada ƙaba ta fito a wurin ɗinkin, hawan babur a hanyar burji ma a rage. In damina ta same shi a haka, maƙwabta su raya gayya su nome masa. Zazzaɓi, ko amai mai naci, ko kumburin ciki, ko ruwa daga ɗinki, ko kumburin ƙafa ɗaya, ba abin jiran wayewar gari ba ne, a nemi mota. Ranakun komawa asibiti don gwajin jini da hoto za su ci gaba shekaru, kada a yanke su don an ga ya yi ƙiba.

Azumi kuwa, in Ramadan ya riske shi cikin wannan hali ya sha, ya rama in ya warke. In yana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, to shan ya zama wajibi a kansa, ba zaɓi ba. In likita amintacce ya tabbatar ba zai ƙara iyawa ba har abada, ramuwa ta faɗi, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana, in ba shi da hali ba kome a kansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba hukuncin matar da take jinyar mijinta da ɗan da yake jinyar mahaifiyarsa, wajen wanka da tsarki da abin da ya halatta su gani.